Yatsa Ɗaya Babu Lalle

Ƙanwata da ƙafarta ta shiga ɗakin tiyata, tana yi mini tsiya a kan takalmina. Ta ce malamar makaranta guda tana yawo da silifa kamar mai tallar gyaɗa, in ta fito sai ta ja ni kasuwa ta saya mini na kirki. Na ce ta fara fitowa tukuna. Wannan ce magana ta ƙarshe da muka yi da ita, kuma ban ga abin gyarawa a cikinta ba, haka muke magana tun muna yara.

Aikin ba wani babba ba ne. Ɓari ta yi, jini ya ƙi tsayawa, likita ya ce sai an yi mata wankin ciki. Asibitin na kuɗi ne, ƙarami, can wajen unguwar Gomari, gidan zama ne aka mayar da shi asibiti, har yanzu ana gane inda kicin yake a da. Mijinta, wanda akawu ne a ofishin cocinmu, shi ya zaɓi wurin don ba a bin layi. Aka ce za a yi mata allurar barci, a gama, ta huta kaɗan, da yamma mu koma gida.

Hannuwanta da ƙafafuwanta duk lalle ne a ranar, kuma dole in faɗi inda ya fito. Gidan da nake haya a unguwar Gwange na wata tsohuwa ne, Kanuri, muna ce mata Kaka. A gidan iyayenmu suka sauka da suka zo daga kudancin Borno, a nan aka haife mu, a nan suka rasu suka bar mu. Mu Kiristoci ne, ita Musulma, abin bai taɓa hana ta zane mu da tsintsiya ba in mun yi laifi, ko ta ajiye mana naman Sallah in mun tafi coci. Lalle ne sana'arta. Ba irin na 'yan matan yanzu da ake zanawa yau gobe ya goge ba. Nata ganye ne take dakawa da kanta, ta kwaɓa, ta ƙunsa, in an kwance ta sake maimaitawa, har kan yatsu da farce su yi duhu kamar busasshen dabino. Ana saura kwanaki kaɗan a yi wannan aiki aka aurar da jikarta, ƙanwata kuwa ita ce kan gaba a hidimar. Kaka ta zaunar da ita ta yi mata lallen da ya kusa fin na amarya.

Ina zaune a benci a bakin ƙofar ɗakin tiyatar. Lokacin zafi ne, babu wuta, janareto yana ruri a bayan gida. Duk da haka ina jin wata na'ura daga ciki tana bugawa a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Can sai bugun ya koma kuka mai tsini. Ya tsaya, ya dawo, ya tsaya, ya sake dawowa. Daga nan sai shiru. Na ji daɗin shirun, na ce a raina sun gyara abin da ya lalace.

Ba a jima ba nas ɗin da ta yi allurar ta fito da sauri, ta wuce ni ta shiga ɗakin haihuwa, inda wata mata take ta kiran sunan Allah tun zuwanmu. Daga baya lauya ya tambaye ni ya fi a ƙirga, minti nawa ta yi a can. Ban duba agogo ba. Abin da na sani, na fita bakin titi na sayi ruwan leda na sha, na amsa wayar hedimasta yana tambayar wa zai riƙe mini aji, na dawo na zauna, ba ta fito ba. Muryar likita ce ta fito da ita, yana ƙwala mata kira daga ciki. Sai guje-guje. Na ga an jawo tukunyar oksijin daga wani ɗaki, na ga ana neman sifana da za a buɗe ta, mai gadi ne ya kawo daga wajen janareto.

Kafin la'asar an mayar da ita babban asibiti. Numfashi ya dawo, zuciya tana aiki, ita ce ba ta dawo ba. Likitocin can suka ce ƙwaƙwalwa ta daɗe babu iska. Bayan wasu makonni ta buɗe ido, muka yi murna, aka yi addu'ar godiya a coci. Idon a buɗe yake har yau, ba ya bin kowa.

Washegarin aikin, likitan ƙaramin asibitin ya zo dubiya. Mutum ne mai ladabi, ba zan ɗauke masa wannan ba, har rusunawa ya yi da ya gaida Kaka. Ta zo da kunu a filas, tana zaton ƙanwata za ta farka da yunwa. A baranda ya ja mijin ƙanwata gefe, amma gefen bai yi nisa ba. Ya ce akwai wata na'ura da ake maƙala wa mara lafiya a yatsa, ita ke nuna ko iska tana isa jini. Ya ce lallen da ke hannunta ya yi duhu da yawa, na'urar ta kasa karantawa, shi ya sa ba a gane da wuri ba. Ya ƙara da cewa kullum suna gaya wa mata, amma ba sa ji.

Kaka ta ji. Hausarta ba ta kai ta bin dogon bayani ba, amma kalmar lalle ba ta wuce ta ba. Ta ajiye filas ɗin a ƙasa, ta tura hannuwanta biyu cikin lafaya, ba ta sake fito da su ba har muka hau keke muka koma Gwange.

Magana ba ta kwana ba ta zagaye unguwa. A coci wasu mata suka ce dama me ya kai 'yar Kirista ƙunshi irin wannan, su da hannunsu bai taɓa rabuwa da jan farce ba. A layinmu kuma aka ce tsohuwa tana zuba wani abu a lallenta don ya yi baƙi. Babu wanda ya faɗa a gabanta, ba ta kuma jira a faɗa ba. Ta kife turmin, ta ba maƙwabta sauran ganyen. Iyayen amare suna zuwa tana ce musu idonta ya mutu. Da aka sallami ƙanwata muka kawo ta ɗakina, don mijin yana fita aiki kuma ɗakinsa a bene yake, Kaka ba ta taka ƙofar ba. Tsakanin ɗakinta da nawa tsakar gida ce kawai. Kullum da safe zan tarar da kunu a bakin ƙofa, an tace shi sosai yadda zai bi ta robar da ake ba ƙanwata abinci ta hanci. Wa ya gaya mata yadda ake tacewa, ban sani ba.

Ni na nemo lauya. Ɗan wani mai shagon kayan mota ne, iyayensa daga kudu suka zo amma a Mafoni aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gudu. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, “Malama, bari in gaya miki tun yanzu, irin wannan ƙara ba ta sauri. Sai an sami likita da zai tsaya a kotu ya ce ɗan'uwansa likita ya yi sakaci. Samun wannan ya fi shari'ar kanta wuya.” Ya ɗauki hoton hannuwan ƙanwata, ya ce kada in yanke mata farce tukuna. Ya kuma bayyana mini cewa da sunan miji za a shigar da ƙarar, ni shaida ce kawai, mai jin kukan na'ura ta bayan ƙofa.

Ya samo wani likitan allurar barci a wani gari, ya kira shi a waya a gabana, ya buɗe murya don in ji. Likitan ya ce gaskiya ne lalle mai duhu yakan rikita na'urar, amma duk wanda ya koyi aikin ya san in yatsa ya ƙi, sai a maƙala ta a kunne. Ya ce ba na'ura ke tsayar da numfashi ba, magani ne, shi ya sa wanda ya yi allurar ba ya barin kan mara lafiya, idonsa a kan ƙirji yana kallon tashinsa da saukarsa. Na'urar da ke kuka kuwa ba a kashe ta, dubawa ake yi a ga me ya sa ta kuka. Lauya ya ce to zai zo ya maimaita wannan a gaban alƙali? Sai likitan ya fara kame-kame. Ya ce aiki ya yi masa yawa, kuma ƙasar nan ƙarama ce, suna haɗuwa a taro.

Na dawo gida da wannan bayani kamar na tsinci zinariya. Na sami Kaka tana tsince shinkafa, na zauna na zayyana mata komai, har na kama kunnena na nuna mata inda ake maƙalawa. Ta bar ni na gama.

“Wannan likita na waya, ya ga yarinyar?”

“Bai gan ta ba, Kaka, amma aikinsa ne, ya fi wancan sani.”

“Wanda ya gan ta ya ce lalle ne. Da kunnena na ji.”

“Ƙarya ya yi don ya wanke kansa.”

“To shi ya zo ya ce ƙarya ya yi,” in ji ta, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Daga ranar na san abin da nake nema a kotu. Lauya yana lissafin diyya, mijin ƙanwata yana tunanin yadda za a ci gaba da jinya, ni kuwa magana ɗaya nake so ta fito daga bakin da ya yi ta farko. Da na gaya wa lauya sai ya yi dariya, ba ta raini ba. Ya ce, “Malama, kotu tana iya sa mutum ya biya. Sa shi ya tsaya gaban tsohuwa ya janye maganarsa, wannan ban taɓa gani a takardar hukunci ba.”

Aka shiga ɗage zama. Yau alƙali ya tafi taro, gobe lauyan asibiti ba shi da lafiya, jibi an canza wa shari'ar ɗaki. Na koyi hanyar kotu, na san mai sayar da ƙosai na bakin ƙofa, na san bencin da fanka ke kaiwa. A gida kuma ina juya ƙanwata daga wannan gefe zuwa wancan don kada bayanta ya yi gyambo. Lallen tafin hannu da na ƙafa ya koɗe ya tafi. Na farce ne ya rage, shi ba ya gogewa, sai dai ya yi ta hawa sama farin farce yana biyo shi daga ƙasa. Da farcen ya fara yagar mata fata lauya ya ce in yanke, hoton ya isa.

Sau ɗaya na haɗu da nas ɗin. A keke ne, ta shigo ta zauna kusa da ni kafin ta gane ni, kuma babu wurin gudu. An sallame ta daga asibitin, tana aiki a wani kantin magani. Na zaci zan rufe ta da faɗa, na daɗe ina tanadin kalmomin, amma da na ga yadda ta rame sai suka watse. Ita ta fara magana. Ta ce, “Anti, ni kaɗai ce ranar. Ga tiyata, ga haihuwa. Abin yana ta kuka, likita ya ce yana hana shi aiki.” Na ce ban tambaye ta ba. Na ce abu ɗaya nake so, ta zo Gwange ta faɗi wannan a gaban wata tsohuwa. Ta karɓi kwatancen gidan, ta ce za ta zo ranar da ba ta aiki. Ban sa rai ba, ba ta kuma zo ba.

Sulhu ya zo ta inda yake zuwa a garin nan. Kawun likitan ya je wurin Bulama, wato mai unguwarmu, Bulama ya je wurin fastonmu, fasto ya kira mijin ƙanwata. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu wata ranar Asabar da hantsi. Maza a gaba, har da limamin layinmu da lauyoyi biyu, mu mata a baya wajen zaure. Kaka ma ta fito, don a ƙofar gidanta ake zaman, ta zauna a bakin zauren hannuwanta a cikin lafaya.

Kawun ya yi magana mai tsawo a kan ƙaddara. Fasto ya yi wadda ta fi ta tsawo a kan gafara. Ban taɓa ganin addinan nan biyu sun yi saurin fahimtar juna kamar ranar ba. Sannan aka zo ga batu: asibiti zai ɗauki nauyin jinya, magani da abinci da katifa ta musamman da nas mai zuwa gida, muddin tana raye. Mu kuma a janye ƙara, kuma a rubuta cewa asibiti ya yi haka ne don tausayi, ba don ya amsa wani laifi ba.

Mu mata ba a ba mu damar magana a irin wannan zama sai an nema, ni kuwa ban jira a nema ba. Na miƙe na ce, “Ranka ya daɗe Bulama, a gafarce ni. Likita ya yi wata magana a gaban uwarmu, ga ta nan zaune. Ya ce lallenta ne. Ina roƙo ya gaya mata yanzu, lallen ne ko ba shi ba ne.”

Fasto ya ce, “'Yata, zauna.” Ban zauna ba. Likita ya ɗago ya dubi Kaka, kuma na rantse bakinsa ya motsa. Sai ya juya ya dubi lauyansa. Lauyan ya girgiza kai kaɗan, irin girgizar da in ba kallonsa kake ba ba za ka gani ba. Likita ya sunkuyar da kai ya ce, “Hajiya, Allah ne masani.” Kowa ya ce haka ne. Liman ya shafa fatiha, fasto ya rufe da addu'a, mijin ƙanwata ya sa hannu.

Ban ga laifinsa ba, ko a lokacin. Ya riga ya sayar da filin da ya gada a gida, albashin akawun coci kuwa kowa ya san tsawonsa. Duk da haka na yi wata guda ba na amsa gaisuwarsa da kyau, shi ma bai nemi ba'asi ba. Yana zuwa kullum bayan aiki, ya zauna kusa da matarsa ya karanta mata labarin abin da ya faru a ofis kamar tana ji. Asibitin kuma sun cika alkawari, wannan ma dole in faɗa. Katifar ta zo, nas tana zuwa.

Ana gab da Kirsimeti na yanke jan ƙarshe da ya rage a bakin farcenta. Na dubi hannun, fari tas, kamar ba nata ba. Tun tana 'yar mitsitsiya ba ta taɓa shiga Kirsimeti babu lalle ba, Kaka ce ke kama ta ta ƙunsa mata tana kuka tana cewa ƙaiƙayi. Na tsallaka tsakar gida na tsaya a ƙofar Kaka. Na san in na roƙe ta ba za ta zo ba, don haka ban roƙa ba.

“Kaka, Kirsimeti ya zo, hannun 'yarki kamar na mai wankau. Zan kira yarinyar nan ta bakin titi ta zana mata.”

“Wace? Mai baƙin ruwan nan na kwalba?”

“Ita. An ce ta iya fulawa.”

“Wannan ta iya lalle? Fenti take shafa wa mutane.”

“To ya zan yi? Ke idonki ya mutu.”

Ta harare ni da idon da ya mutu ɗin. Da la'asar na ji ƙarar turmi.

Washegari da safe ta shigo da ƙwaryarta. Ta tsaya a bakin gado ta daɗe tana kallon ƙanwata, wannan ne ganinta na farko tun daga asibiti. Ta ce da yarenta, “Wushe, 'yata,” a hankali, kamar mai gaida wanda ya dawo daga tafiya. Sannan ta zauna ta ɗora hannun ƙanwata a cinyarta. Yatsun ƙanwata sun lanƙwashe, sai na riƙa miƙe mata su ɗaya bayan ɗaya tana ɗora lallen, ta shafe tafin, ta rufe kan yatsu da farce, tana gyara gefe da tsinke. Ta gama hagu ta ɗaure da leda, ta koma dama. Na ji daɗi a ranar irin wanda na manta da shi. Na ce a raina abin da kotu ta kasa, ga shi tsiya ta yi.

Da ta ɗauko ledar hannun dama sai na ga manuniya babu komai a kanta.

“Kaka, kin manta ɗaya.”

“Ban manta ba.”

“Ga shi nan fari.”

“Na na'ura ne,” in ji ta. “Ko za a sake kai ta asibiti.”

Na fara yi mata bayanin kunne, na kama nawa kamar yadda na yi a da. Ta zagaye yatsan da leda ta bar shi a waje, ta ƙulle sauran, ta ɗauki ƙwaryarta.

Ta koma sana'arta bayan haka, amare sun dawo, turmi yana tashi kamar da. Sai dai duk wadda ta zauna a gabanta da yatsa ɗaya fari take tashi. 'Yan mata suna ƙorafi, suna cewa zai ɓata musu hoto, ita kuwa takan ce wadda ba ta so ga ƙofa nan. Waɗanda ba su san mafarin abin ba sun ɗauka sabon yayi ne, har na ga wata a coci da irinsa, kuma ba Kaka ce ta yi mata ba. Abin yana ci mini rai har yau, duk sanda na gani. Ni ma haka take yi mini kowace Kirsimeti, ina miƙa hannu, na daina yi mata bayanin kunne.